Firizarmu Ta Tafi Biki

Jama'a, jiya na sha zaman benci a ofishin masu haraji har ƙuguna ya daina gaishe ni. Dalili? Firiza.

Mu matan ƙauyenmu masu kamun kaguwa ne muka haɗa kai muka sayo ta a Suva, babban birnin ƙasarmu, rabi kuɗi hannu, rabi bashi. An ce mana in muka yi rajista a matsayin ƙungiya ɗaya, harajin da aka tatsa wajen saye za a mayar mana. Da shi za mu sallami mai shago, in ba haka ba ya zo ya ɗauke abarsa, kaguwa ta ruɓe mana a hannu.

Jami'in harajin, Ranka-ya-daɗe Sarkin Hatimi, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya dube mu ta saman tabarau.

“Ba ƙungiya sai da wadda ke juya sauran. Wace ce a cikinku?”

Ulamila, maƙwabciyata, ta yi caraf: “Ni ce.”

Vasemaca ƙanwarta ta ce, “Ke? Mijin naki ma kwale-kwale ke juya shi.”

Na ce, “Ɗan nan, rubuta ni. Ba wadda ban san asirinta ba.” Ya rubuta.

Sai ga wata sabuwa. Wai sanyin da ya taɓa kayan sayarwa ne kaɗai ake mayar wa haraji, sanyin dangi ban da shi.

Ya ce, “Bubu,” wato kaka da yarenmu, “kashi nawa na sanyin ya tafi ga kasuwa?”

Na ce, “Ban taɓa auna sanyi da kwano ba.”

Kun san dai al'adarmu ta kerekere: ɗan'uwa ya roƙa, ba ka da bakin cewa a'a. Naman makokin wannan na ciki, ƙanƙarar jikokin waccan na ciki, har rigar fasto ta taɓa kwana a ciki, wai don ya ji daɗin wa'azi. Ina laifin kaguwa in ta kwana da baƙi?

Da muka fito, Vasemaca ta tuna cewa uwar mutumin ’yar ƙauyenmu ce. To, mu ma mu yi masa kerekere mana! Muka sayo saiwar yangona da ake kai wa manya gaisuwa da ita, muka koma muka zauna a ƙasa cikin ofis, Ulamila ta karya murya ta roƙi harajinmu da sunan zumunci.

Kai, mutumin kirki ne! Ya karɓi saiwar da hannu biyu, ya tafa, har da ƙwalla.

“Iyayena, kun tuna mini gida. Ni ma ina da ɗan roƙo. Za a yi bikin ɗana, kuma ba mu da inda za mu ajiye kifi.”

Wa zai hana ɗan ’yar'uwa? Kafin mu isa gida motarsa ta riga mu, ta ɗauke firizar.

Yau da safe ya aiko da hukunci. Bincikensa da idonsa ya nuna firizar tana gidan wani mutum, tana hidimar biki zalla, don haka ko sisi ba za a mayar ba. Ku ga aiki da gaskiya! Garin neman gira mun rasa ido.

Mai shago ya zo ɗazu ɗaukar kayansa, yana huci. Na kwatanta masa gidan Sarkin Hatimi tiryan-tiryan. Na ce ya tafi da yunwarsa, an ce kifin ya yi daɗi.