Katan ɗin Malam Mati

A wani daji da babbar hanya ta ratsa, wata mota ta faɗa rami, katan guda na cakulan ya faɗo. Mati, wani gwaggon biri da furfura ta fara yi wa sallama, shi ya tsince shi. Ya lasa sau ɗaya, har kunnuwansa suka motsa. Amma da yake mai tsoron cikinsa ne, sai ya kai majalisa a duba masa ko abin yana da illa kafin ya ci.

Gafiya, shugabar majalisa, ta shinshina katan ɗin ta ce, "Malam Mati, ka kyauta. Rigakafi ya fi magani. Mun kafa kwamiti, ni zan jagoranta. Kada ka ƙara lasa sai rahoto ya fito."

A zaman farko Dila, likitan daji, ya ci baƙin cakulan mai ɗaci ya ce, "Wannan yana gyara zuciya. Ni shaida ne, tawa har ta yi fari."

Zomo magatakarda ya ci mai madara ya ce, "Likita, ban ƙi ta taka ba, amma mai zaƙin nan yana ɓata haƙori. Sai dai ban tabbatar ba tukuna. Miƙo wani."

Tunda masana sun saɓa, aka ɗage zama. Haka aka yi ta ɗagewa, Mati yana bakin ƙofa kullum yana jin ana yage leda.

Wata rana ya ce wa Gafiya, "Ranki ya daɗe, ko ɗan gutsure?"

"Haba Malam Mati. Mu da muka sa lafiyarmu a gaba saboda kai?"

Mati ya ji kunya, ya yi godiya.

Bayan mako bakwai aka tara jama'a. Gafiya ta fito daga raminta da ƙyar, ƙofar ta yi mata kaɗan. Zomo ya zo da muƙamuƙi ɗaure da tsumma. Dila kuwa uzuri ya aiko daga bayan wata bishiya.

Gafiya ta karanta rahoto: "Kaɗan ba laifi. Da yawa kuwa, ga mu nan."

Mati ya matso. "To, a ba ni kaɗan ɗin."

"Ai kaɗan ɗin muka fara bincika."

Aka miƙa masa katan ɗin ba nauyi, haɗe da takardar yabo.

Har yau babu mai lafiyar haƙoran Mati a dajin nan. Sai dai ba a cika ganinsu ba.