Farfesa Pardy da Ƙwarin da Suka Daina Hawowa

Duk faɗin gaɓar Newfoundland ba a taɓa yin masani irin Farfesa Hedley Pardy ba, kuma shi da bakinsa ya tabbatar da haka. Bawan Allah ne da ya sadaukar da rayuwarsa ga ƙwarin teku, 'yan jajayen halittun nan masu kama da jatan lande, waɗanda da ƙyar suka kai ƙwayar shinkafa. Su ne abincin kifi, kifi kuwa shi ke riƙe da garin. Ɗalibansa na kiransa Sarkin Ruwa a bayan idonsa. Da labari ya kai masa, sai ya ga ai sarautar ta dace.

Kowa a tashar binciken teku da yake aiki ya san al'adar ƙwarin nan. Da rana su nutse can ƙasa cikin duhu da sanyi don gudun bakin kifi, rana na faɗuwa su yo sama neman abinci. Farfesa ma ya sani, shi ya koyar da hakan har ya yi furfura. Sai dai injin jan raga a saman ɗakin kwanansa yake a cikin jirgin ruwan da suke fita bincike, ga ƙara kamar injin niƙa. Don haka ya kafa doka: daga la'asar an tashi aiki.

"Barcina ba nawa ba ne," in ji shi. "Dukiyar ƙasa ne."

Shekara da shekaru ana jefa raga a saman ruwa da tsakar rana, ana jawo ta fayau. Dokar ta daɗe har mai ita ya manta dalilinta. Da wani ne, da ya tsargu. Farfesa kuwa gano abu ya yi! Ya kira 'yan jarida ya shelanta cewa ƙwari sun daina hawowa, teku na gargarar mutuwa, kuma idonsa kaɗai ya hango. Ɗalibai suka ja bakinsu suka yi gum, tunda sa hannunsa suke jira kafin su gama.

Ana cikin haka kujerar daraktan tashar ta rasa mai ita. Farfesa ya ƙwallafa rai a kanta, har ya aika an auno masa tagogin ofishin don labule. Saura abu ɗaya. Madam Philomena Tobin, shugabar hukumar tashar, wadda ta tsufa tana sayar da kifi, ta ce sai ta ga mutuwar tekun da idonta.

Aka fita da ita wata ranar Nuwamba bayan abincin rana, iska na yankan kunne. Raga na rataye, jefawa kawai ta rage. Farfesa ya ce zai ɗan yi gabatarwa.

Ya fara daga yarintarsa. Ya bi ta kan malaman da suka kasa fahimtarsa, da ƙasashen da suka yi masa tafi a tsaye. Shayi ya huce a kofuna, aka sake dafawa, ya sake hucewa.

"Farfesa, rana fa ta yi nisa," in ji matuƙin jirgin, Kyaftin Keeping.

"Ta jira, Kyaftin. Ban ma iso kan digirina na biyu ba."

Ba ta jira ba. Sai da aka kunna fitilun jirgi sannan ya ɗaga hannu.

"Ranki ya daɗe, yanzu za ki ga kabari. A jefa!"

Aka jefa, aka ja. Injin ya yi nishi. Ragar ta fito tana rinjayar ƙarti biyu, kwalbar da ke gindinta ta cika maƙil, jawur kamar markaɗen tumatir. Ƙwari suka tumbatsa, suka malale a kan sababbin takalman Sarkin Ruwa suna wutsil-wutsil.

Madam Tobin ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah. Farfesa, gawar nan tana motsi fa."

"Sun farfaɗo ne, ranki ya daɗe. Alamar aikina ya fara tasiri ke nan."

"Sannu da ƙoƙari. Wai da can da wane lokaci kake jefa ragar?"

"Da rana tsaka, lokacin da ido ke gani sosai."

"Bayan faɗuwar rana fa?"

"Haba, ranki ya daɗe! Ƙwaƙwalwa irin wannan ai sai da hutu."

Ta gyaɗa kai, ta ɓalla maɓallan rigar sanyinta har wuya, ta ce a juya gida.

Hukumar ba ta yi butulci ba. Kujerar darakta dai wata aka ba, amma an ƙirƙiro wa Farfesa muƙami na musamman: Babban Mai Sa Ido kan Hawowar Ƙwari. Aikin daga faɗuwar rana ne zuwa fitowarta, a tsaye gefen raga, har ƙarshen hunturu. Ya sa an rubuta masa muƙamin a ƙofa da ruwan zinare.