Buhu Mai Hoton Giwa

Shekara ashirin ina noman shinkafa a Kura, amma ranar da yayyen matata za su zo daga Bunkure na rantse ba za a dafa musu 'yar gida ba. Na shiga Kano na sayo 'yar waje, buhu mai hoton giwa da rubutun da ba mai iya karantawa.

Muna ci na buɗe wa babbansu lacca. "Yaya Sale, ka ji ƙamshi? Ka ga tsawon ƙwaya? Mu nan wahala kawai muke nomawa."

Sai ga matata ta yi sallama tana jan buhun. Ashe biyu ne, wani cikin wani. Na cikin kuwa ga sunana ɓaro-ɓaro da jan fenti. Da hannuna na rubuta shi kafin in sayar wa dillali shinkafata.

Yaya Sale ya suɗe yatsa ya ce, "Lallai mutanen waje sun iya noma."

Har yau in na saɓa fartanya zan tafi gona, sai 'yan majalisa su ɗaga murya: "Alhaji, biza ta fito ke nan? A gaida mutanen waje!"