Ranar da Aka Yi wa Kan Walda Ƙarin Ruwa

Wani ne, mai walda, yana da 'yar rumfar kwano a bakin titi, tsakanin shagon tela da na mai faci. Mutum ne mai son dabara, sai dai ita dabarar ce ba ta sonsa.

Rannan mai gidan burodi ya kawo masa aikin wani ƙaton tankin ruwa, ya ce in rana ta faɗi bai gama ba, zai kwashe ƙarafansa ya kai wa wani. Gogan naka ya ɗaura baƙin tabarau, ya duƙufa ba ɗaga kai. To kun dai san kan walda, abin nan da ake riƙewa a hannu wuta na fita ta bakinsa. In aka matsa masa, zafi yake ɗauka. Can sai ya fara gasa masa tafin hannu. Ya naɗa tsumma, tsumma ya kama hayaƙi. Ya tuɓe safar ƙafarsa ya sa a hannu, safa ta narke, warin ya kori mutum biyu da ke jiran faci.

Mai faci ya leƙo yana toshe hanci, ya ce, "Malam, manyan ma'aikata ba haka suke yi ba. Inji gare su mai zagaya ruwa ta wani siririn tiyo a jikin kan. Ko yini za a yi ana aiki, ba ya zafi."

"Nawa ne injin?"

Mai faci ya raɗa masa a kunne. Sai da mai walda ya nemi wuri ya zauna.

"Don ruwa kawai? Ruwan da ke zubowa daga sama kyauta? Ka zuba ido, ni zan haɗa nawa."

Ya yi ta tunanin inda zai sami siririn tiyo, sai ya tuna irin wanda ake yi wa marar lafiya ƙarin ruwa da shi. Ya figi takalmi, sai kemis.

"Likita, ba ni ruwan leda da robarsa."

Mai kemis ya ce, "Wa za a yi wa ƙarin ruwa?"

"Kaina ne ke zafi. Ba ya ko taɓuwa. Ɗazu har hayaƙi ya fara."

Ashe maƙwabciyar mai walda na tsaye a gefe tana sayen maganin tari. Tana jin haka ta dafe ƙirji, ta bar maganin a kan tebur, ta nufi gida da labari.

Mai kemis ya miƙa hannu ya dafa goshinsa. "Ni ban ji zafi ba."

"Haba likita, ba wannan ba, ɗayan. Na baro shi a shago."

"Kai biyu gare ka?"

"Da ma uku ne. Ɗaya ya ƙone bara, na jefar."

Mai kemis ya dube shi, ya sake dubansa. Ya miƙa masa ledar da robar daga nesa, ya ce, "Je ka, Allah ya ƙara sauƙi. Wannan ya fi ƙarfin kemis."

Mai walda ya koma rumfa. Ya buga ƙusa a jikin ginshiƙi ya rataye leda. Ya nannaɗe robar a jikin kan walda, ya ɗaure da waya, ya zura ƙarshenta cikin bokiti. Ya kunna wuta. Ruwa na ɗiga, aiki na tafiya, hannu lafiya lau. Da ledar ta ƙare sai ya yanka mata baki, ya riƙa ɗura ruwan randa da kofi. Rabi na shiga, rabi na zuba a ƙasa. Ya tuɓe takalmi kada ya jiƙe, ya ƙwala wa mai faci kira, "Gaya wa masu injin nan su rufe kamfani!"

Yana cikin haka waya ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Maigida, me nake ji? Yaya kan naka?"

Ya ɗauka labarin fasaharsa ne ya kai gida. Ya gyara tsayuwa.

"Da sauƙi sosai! Tunda na sa masa ruwa ya daina hayaƙi."

"Wa ya sa maka ruwan?"

"Ni mana. Wa zan biya?"

"Innalillahi! To yanzu yaya kake ji?"

"Lafiya lau. Sai dai ya ɗan tsage ta baya, amma na ɗaure da waya."

"Ya tsage?"

"Kada ki damu. In ya ƙi, kwance shi zan yi in ajiye. Wani abokina ya ce zai ara min nasa zuwa jibi, shi ba ya amfani da shi."

Ihu kawai ya ji, waya ta yanke. Ya ce, "Mata ke nan, abin murna ma sai sun yi kuka."

Ya koma aiki. Ita kuwa robar asibiti ba a yi ta don zama kusa da wuta ba. Ta yi laushi, ta kumbura, ta fashe. Ruwa ya feshi wayar wuta daidai inda ɓera ya gwaguye ta. Ga ƙasa jagab, ga mutum ba takalmi. Wuta ta ɗaga shi ta maka da ƙasa. Ya kwanta cikin ruwa yana karkarwa, haƙora na kaɗawa, roba ta naɗe masa hannu, leda na lilo a samansa.

Daidai nan tawaga ta iso: matarsa a gaba, mahaifiyarta na biye tana salati, yayansa a baya ɗauke da tabarma da filo.

Matar ta ɗora hannu a ka. "Wayyo, jijjiga yake! Ga ruwan ma bai ƙare ba!"

Shi kuma yana son ya ce kada a taɓa shi, amma abin da ke fita daga bakinsa, "Ka-ka-ka-ka..."

Yayan ya ce, "Allahu Akbar, kakarmu yake kira. Ya fara ganin na can."

Matar ta faɗa ta riƙe shi, ita ma ta ɗauki rawa. Uwar ta ce, "Ke, ki yi haƙuri mana, kada ki shiɗe," ta kamo hannun 'yarta, ɗayan hannun kuma ta dafa tankin ƙarfe. Ai kuwa tsohuwa ta fi kowa samun rabo. Ɗankwali ya yi sama, jaka ta yi titi. Yayan ya yar da filo ya zo raba su, ya shiga layi.

Tela ya leƙo ya ga mutum huɗu riƙe da juna suna girgiza kafaɗa. Ya ce wa mai faci, "Yau kuma murnar me ake yi babu kiɗa?"

Mai faci ya ce, "Wuta ce, kai! Kashe!"

Tela ya sa sandar awo ya doke makunni. Duk suka zube.

Kowa sai nishi. Aka zaunar da suruka a kan tsohuwar taya ana yi mata fifita, ƙafarta ɗaya har lokacin tana harbawa ita kaɗai. Mai walda ya miƙe yana tangaɗi. Bai dubi kowa ba, ya lallaɓa ya ɗauki kan walda, ya shafa, ya kanga a kumatu. Sai ya washe baki.

"Alhamdulillahi! Jama'a, ku taɓa ku ji. Sanyi ƙalau! Dabarata ta ci!"

Suruka ta juya ga 'yarta, ta ce, "Ke, gaya wa mijinki dole ya yi sanyi. Wutar duk tana nan jikina."