Motar Surukina Tana Hutu a Kan Tsauni

Motar surukina tana kan tsauni, ni ina gida. Tsakaninmu akwai kogi, da gadar da aka ƙaddamar bara.

Makon jiya ne, damina na shirin kankama, na ji Mai Girma Sarkin Yanka Zare a rediyo, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, yana cewa an gama hanyar ƙauyukan kan tsauni, kowa ya je ya sha iska. Na ari motar mahaifin matata, wadda ake kai shi asibiti da ita duk wata, na ce masa yini ɗaya ne.

A yi adalci, hanyar tana da kwalta, daidai tsawon da kyamara ke iya ɗauka. Gadar ma na gan ta: ginshiƙai, allo mai ƙyalli, da guntun zaren ranar buki. Wurin takawa kaɗai ya rage. A gindinta an jera babura da wata akori-kura, masu su sun haye da ƙafa. Na ce a raina, mutanen ƙauye da tsoro. Kogin yashi ne zalla, na bi ta ciki na wuce.

Ashe a can, da zarar hadari ya fara haɗuwa, ba mai hayewa da abin hawa sai jami'i, don shi ba ya kwana. Ina tsayawa mai unguwa ya fito da kujera.

"Ranka ya daɗe, gadar aka zo ƙarasawa?"

Amsar gaskiya gajeriya ce. Amma kujerar da laushi, iska da sanyi, kuma ni ba mai ce mini "ranka ya daɗe" sai kwandasta in yana so in matsa. Na gyara murya na ce, "Ana kan duba lamarin."

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, na bara ma haka ya ce."

"Shi daban, Iya, ni daban."

Kafin la'asar na yi alkawarin gada da asibiti, na ɗora makaranta ba tare da an roƙa ba. Jama'a, abin da daɗi. Ashe ba manyan ke magana ba, kujera ce. Aka ce babban baƙo sai ya kwana, na kwana.

Gari na wayewa kogi ya dawo gidansa. An yi ruwa can ƙololuwa, inda na bi jiya yanzu ya kai wuya. Da igiya aka jawo ni kan tsohuwar taya, takalmana a ka.

Kafin a tura ni na tambayi mai unguwa, "Yaushe zai janye?"

"Bayan damina, ranka ya daɗe. Ko in kun gama gada. Mota kuwa kada ka damu, za mu kula da ita. Ba a taɓa samun jami'in da ya bar mana abin da zai dawo dominsa ba."

Maƙwabcina tela ya saurari labarin bai tsayar da kekensa ba. Ya ce, "Kayan aro ba ya rufe katara, Yallaɓai." Da Yallaɓai yake kirana yanzu, yaran shagonsa ma haka.

Jiya surukina ya bugo waya yana tambayar mota. Na ji bakina ya ce, "Baba, ana kan duba lamarin."

Sai ya ce in ba shi 'yarsa.

Ranar asibitinsa Litinin ce. Har yanzu suna magana.