Rasuwar Baƙar Ledar Gilashin Motar Alhaji Jinaidu

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Alhaji Jinaidu mai shanu na unguwar Minanata, Sakkwato, yana sanar da 'yan uwa da abokan kasuwa rasuwar baƙar ledar da ya sa aka manna wa gilasan motarsa. Ta rasu ranar Alhamis da rana tsaka a Ƙofar Taramniya. Ba 'yan sanda suka kashe ta ba, takardarta cikakkiya ce. Shi ya kashe ta da yatsansa.

An haifi marigayiya ranar Talata a rumfar Zayyanu mai leda. Zayyanu ya shimfiɗa wa Alhaji kala uku: mai ruwan shayi, mai kalar hayaƙi, da wata baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ce a sa ta tsakiyar a gilasan baya kawai, a bar gaba. Alhaji ya ce, "Baya? Ni baya nike zama? Gaba aka ganina. Sa wagga baƙar ko'ina, na gaban ma rufe shi da hayaƙi." Zayyanu ya sa. Da ya gama ya ja kunne: "Alhaji, kada ka sauke gilas sai bayan Juma'a. Ba ta bushe ba. In ka sauke, ta mutu."

Masu cewa girman kai ne ya sa Alhaji wannan zaɓi, ba su san komai ba. Tun da ya sayi motar bai taɓa zuwa kara shi kaɗai ba. Daga Minanata zuwa kasuwar shanu kowa ya san fuskarsa. Wannan a rage masa hanya, wancan buhun gero, wata kuma akuyarta ce ba lafiya. In ya ce a'a, kafin azahar an kai labarinsa gida.

A ɗan zaman da ta yi a duniya, marigayiya ta kasance mai rufin asiri, mai kawaici. Ba ta taɓa nuna maigidanta ga kowa ba. A bayanta ya ci tsire da hannu biyu, ya saki hamma baki buɗe, ya wuce mutane suna ɗaga hannu bai ji kunya ba, don ba su da tabbas yana kallonsu. Ranar Sakkwato da ta saba gasa masa hannun hagu, ta tare ta.

Ajali ya same ta cikin cunkoso. Motar albasa ta manne wa Alhaji ta dama, Keke Napep ya manne ta hagu, ko ƙofa ɗaya ba ta buɗuwa. A kujerar bayan Keken kuwa, fuska da fuska da shi, Baba Gambo ne zaune yana gumi. Baba Gambo shi ne ubangidan Alhaji. Shi ya ɗauke shi yana yaron mahauta, ya koya masa duba haƙorin shanu, ya tsaya masa har ya zama mutum. Motar ma ya san ta, don bajiminsa ne ya lotsa ƙofar baya.

Tsoho ya miƙo hannu da zoben azurfa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Alhaji ya rusuna a kan sitiyari. Ya yi gaisuwa da ƙarfi, "Baba, ina wuni! Ni na, Jinaidu!" Hon da ƙarar inji suka cinye. Ya cire hula, ya haɗa hannuwa, duk a cikin duhu ba mai gani. Baba Gambo ba ya yawo da waya. Yatsan Alhaji yana kan maɓalli, kunnensa yana jin Zayyanu, idonsa yana kan tsohon da ke leƙen gilas yana ganin fuskar kansa kawai.

Ƙwas. Ƙwas.

Sai hanya ta buɗe, Keke ya motsa, Alhaji ya danna. Marigayiya ta yi ƙiiir sau ɗaya, ta tattare kamar ganda a wuta. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Gilas ya sauka, amma ƙeyar Baba Gambo kawai Alhaji ya gani.

Da la'asar ya je ya tsuguna a ƙofar gidan tsohon, gaban duk 'yan majalisa. Baba Gambo ya ce, "Wane Jinaidu? Ni ban ga kowa ba. Wata baƙar mota na yi wa sallama, tat ƙi amsawa." Alhaji ya kawo zancen bushewar leda. Tsoho ya ce, "To, ta bushe?" Ba wanda ya yi dariya da ƙarfi, amma an yi. Alhaji da bakinsa ya ce za a ɓare sauran duka.

Marigayiya ta bar 'yan uwa uku a sauran ƙofofi, da babbar yayarsu ta gilashin baya, da mai kalar hayaƙi ta gaba, dukkansu lafiya ƙalau, dukkansu za su bi ta. Ta kuma bar danƙo a gilashin direba wanda ko kananzir bai fitar ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidan Baba Gambo. Zayyanu zai zo da reza da ruwan sabulu. Ba a buƙatar masu nasiha.

Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu zuwa Minanata, su tsaya a bakin titi. Baba Gambo ya yafe, ya kuma ce tunda yanzu za a riƙa ganin Jinaidu, ya biyo kullum da safe ya kai shi kara. A gaba zai zauna, gilas a sauke. Shi kuwa Baba Gambo bai taɓa wuce wanda ya ɗaga hannu ba, ko da akuya yake tafe.