Kabarin Sana'a a Jabo

Wani ne a Fakku, can ƙasar Kebbe, sana'arsa ƙona gawayi. Tun yana ɗan ƙanƙane yake bin ubansa daji. Su sare kirya, su jera itacen, su lulluɓe da ciyawa, su bi da ƙasa, su cinna wuta ta wata 'yar kafa, su zauna jiran hayaƙi. Iyakar abin da ya sani a duniya ke nan, amma fa ya san shi. Matsalarsa ɗaya ce: in babban mutum mai farar riga ya gaya masa magana, to ta zauna. Ko cewa aka yi an ɗauke Sakkwato an kai ta Legas, sai ya ce Allah ya sa sun sauka lafiya.

Duk gawayin da ya ƙona, Batula mai abinci a tashar Kebbe ce ke saye. Ita ce rufin asirinsa. Ranar da ya kai mata buhu, ranar ake ɗora tukunya a gidansa.

Wata rana sai ga wata Hajiya Sharifa, ma'aikaciyar wata ƙungiya, ta zo Fakku. Aka tara masu gawayi a gindin wata tsamiya, wadda ta tsira da ranta don kawai a ƙofar gidan mai gari take. Hajiya ta ce daji ya ƙare, hayaƙi yana cin ƙirjin mutane. Ta ce a ƙasashen da ake haƙar kwal ana ta rufe ramuka, kuma mahaƙan wannan yanki kan ziyarci na wancan, su koyi yadda za a bar tsohuwar sana'a a kama sabuwa ba tare da yunwa ta kashe kowa ba.

Ta ce, "Ba a so a bar kowa a baya. Masu gawayin Jabo sun gaya mini sun daina, sun koma noman rani da injin sola. Ku ba ni mutum ɗaya ya je ya gano muku."

Kowa ya sunkuyar da kai, don kowa yana da tsibin gawayi yana ci a daji. Can sai idanu suka taru a kan mutuminmu. Aka ce ai shi ne mai natsuwa, shi ne mai sauraro. Tun da aka haife shi ba a taɓa yabonsa a bainar jama'a ba. Nan take ya tashi ya tafi aron hula.

Abin da bai sani ba, shi da Hajiyar duka, mutanen Jabo ba abin da suka daina. Kunya ce ta sa suka faɗa, ganin an zo da mota ana tambaya. Da suka ji baƙo na tafe, sai suka yi wanka da sabulu, suka sa fararen riguna, suka roƙi wani mai lambu ya ara musu fadamarsa da injinsa na yini guda.

Shugabansu Lauwali shi ya tarbe shi, rigarsa fara fat. Mutuminmu ya miƙa hannu, ya ga faratan Lauwali baƙi ƙirin.

Ya ce, "Shugaba, faratanka hwa?"

Lauwali ya ce, "Na bara na. Ka san abin ba ya fita lokaci guda."

Ya ce, "Gaskiya na."

Aka kai shi fadama. Ga wani baƙin faranti mai faɗi an jingina yana kallon rana, ga ruwa yana ta bulbulowa cikin albasa. Babu mai, babu ƙara. Mutuminmu ya zagaya farantin, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya taɓa, ya ji zafi rau. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Baƙin abu mai zafi, ai gidansu aka zo.

Suna komowa sai iska ta juyo. Hancinsa ya buɗe. Ya waiga bayan wata gona, ya hango tudu, an lulluɓe da ƙasa, hayaƙi yana fita siriri ta gefe.

Ya ce, "Shugaba, wancan mi na? Wallahi kama da tsibin kirya, kuma gobe shina nuna."

Lauwali ya yi gyaran murya, ya dubi mutanensa, mutanensa suka dubi sama. Sai ya marairaice fuska.

"Kabarin sana'a na, ɗan'uwa. Da munka bar ta, sai munka ce ba mu yasshe ta hakanan kamar mushe. Ita tar raine mu. Munka yi mata sutura, munka rufe ta."

Mutuminmu ya cire hular aro. "Inna lillahi! To hayaƙin hwa?"

"Ba ta daɗe da rasuwa ba."

Sai ga hawaye. Ya tsuguna nan gefen hanya, ya tuna ubansa, ya tuna dajin da, ya yi ta sharɓar kuka. Mutanen Jabo ma dole suka tsuguna da fararen rigunansu suna ba shi haƙuri, ɗaya yana satar kallon tsibin kada wuta ta huda.

Da zai koma, Hajiya Sharifa ta sa aka ɗaura masa faranti da ɗan injin ban-ruwa a bayan babur, kyautar ƙungiya. Ta fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu.

"Hajiya, kada ki wahal da bakinki. Na gani da idona."

Ko gida bai shiga ba ya wuce tashar Kebbe. Ya tarar da Batula tana kwashe tuwo.

"Batula, na zaka in yi miki ta'aziyya. Sana'a ta rasu."

Ta ce, "Wace sana'a?"

"Ta gawayi. Jabo anka rufe ta, na ga kabarin. Daga yau ki nemi wani abin girki."

Batula ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Allah shi jiƙanta. Matsa mini daga iska."

Ya ba maƙeri gatarinsa kyauta. Buhunan da ya tara, waɗanda ya yi wa faci da tsohuwar shuɗiyar rigarsa, ya bar wa Batula sadaka. Ya samu ɗan fili a bakin rafi, ya dasa albasa, ya jingina faranti. Ruwa ya zo. Mutuminmu har da rawa.

Da rana ta faɗi sai ruwa ya tsaya. Ya taɓa faranti, ya ji sanyi ƙalau. Ransa ya ɓaci. Washegari haka, jibi haka. Ya zauna ya yi tagumi, can sai ya buga cinya.

"Mutanen Jabo albasa sunka iya, ba su san wuta ba! Wa ka barin abu mai zafi a buɗe? Dole shi huce!"

Ya jira tsakar rana, lokacin da farantin ya ɗau zafi sosai. Ya yanko ciyawa ya lulluɓe shi. Ya bi da ƙasa, ya daddaɓe da tafin hannu, ya bar 'yar kafa ta gabas don hayaƙi. Duk Fakku ba a taɓa gina tsibi mai kyan wannan ba. Ya shimfiɗa buzu a gefe, ya zauna jiran ya nuna.

Matarsa ta kawo masa fura, ta ga albasa ta kwanta.

Ta ce, "Malam, ina ruwan?"

"Shina tahowa. Tarawa shika yi ciki. Ranar da nib buɗe, sai kun nemi kwalekwale."

"To hayaƙi ma ban gani ba."

Ya yi murmushi irin na masu ilimi. "Shi a makamashi mai tsabta, ke. Ba shi da hayaƙi."

Ta ce, "Tukunyata ma ta koma mai tsabta. Ita ma ba ta hayaƙi."

Kwanaki suka yi ta tafiya. Albasa ta bushe, awaki ma suka daina leƙowa. Hatsin gida ya kai ƙasan rumbu. Yunwa ta kora shi Kebbe ko Batula za ta tuna da zumunci. Ya tarar da murhunta jajawur, gawayi yana ƙara kamar ana taunar ƙashi. Kirya ce, mai kyau.

"Batula, ina kis samu?"

"Wasu bayin Allah na daga wajen Tambuwal. Mota guda suka kawowa, har ƙofa."

Ya girgiza kai cike da tausayi. "Kayya. Ga su kusa da Jabo, amma labari bai kai musu ba."

Batula ta zuba masa ƙanzo a leda, ta ce ya gai da gida.

Ana nan sai aka aiko cewa mutanen Jabo za su rama ziyara, su ma su koyi abin da Fakku ta koya. Masu gawayin Fakku suka yi abin da aka saba: wanka da sabulu, fararen riguna, kowa ya bar tsibinsa can cikin daji yana ci. Da Hajiya Sharifa ta tambayi wanda za a duba, duk suka nuna bakin rafi da baki ɗaya.

Lauwali ya zo a akori-kura, an rufe bayanta da tamfal an ɗaure tam. Ya ce kayan wani ne aka ba shi saƙo zuwa Kebbe. Yana saukowa idonsa ya faɗa kan tudun mutuminmu. Ya tsaya cak. Ya zagaya shi, ya sunsuna kafar gabas, ya sa kunne. Sai ya ja mutuminmu gefe, ya rage murya.

"Ɗan'uwa, don girman Allah, yaya kaka yi? Tsibi ba hayaƙi! Ko malaman daji sun bi ta kai ba su ganewa. Koya mini, ni ko in koya maka abin da kaka so."

Mutuminmu ya ce, "Ai wurinku nig gano. Gyara kawai niy yi."

Hajiya Sharifa ta ƙaraso da mai ɗaukar hoto. Ta dubi busasshiyar albasa, ta dubi inji, ta bi waya da ido har inda ta shige cikin ƙasa.

"Malam, ina farantin?"

Ya nuna tudu, yana washe baki. "Shina ciki, Hajiya. Bai ƙarasa nuna ba, amma tunda kun zaka, a buɗe. Ku ja da baya, ku naɗe riguna."

Shi kansa ya naɗe wando har gwiwa. Aka sa fartanya aka tone a hankali. Ga faranti nan, sanyi kamar randa, gara ta yi gida a ƙarƙashinsa, wani kwaɗo ya yi tsalle ya fita. Ruwa ko ɗigo.

Hajiya ta dafe kai. "Rana yake ci! Rana! Ka binne shi da ransa!"

Mutuminmu ya dubi farantin. A karo na farko abin ya taɓa shi har zuci. Ya tuna gatarinsa, ya tuna Batula, ya tuna rumbu. Ya dubi jama'a, kowa cikinsa a cike, rigarsa fara, shi kaɗai ne ya yi abin da aka ce a yi, shi kaɗai ne kuma yake jin yunwa.

Hajiya ta sassauta. Ta ce ba komai, farantin bai mutu ba, a nemo abin shimfiɗawa a ɗora shi a wanke. Mutuminmu, don ya wanke kansa, ya ruga wurin motar Lauwali.

Lauwali ya ce, "Kai! Tsaya! Ba wannan ba!"

Ina! Ya riga ya fizge tamfal. Ga buhuna reras har sama, baƙin gari yana zuba ta ɗinki. Kowane buhu da shuɗin faci a gindinsa.

Mutuminmu ya shafa facin. Rigarsa ce. Ya zaro gawayi ɗaya, ya karya, ya sunsuna.

"Shugaba, wagga kirya ta. Kuma buhunan Batula na."

Hajiya Sharifa ta juyo a hankali, mai hoto ya juyo tare da ita.

"Malam Lauwali, ba ka ce mini kun binne sana'ar nan ba?"

Lauwali ya dubi buhunan. Gumi ya keto ta farar riga. Ya sake marairaice fuska irin ta ranar nan.

"Mun rufe ta, Hajiya, wallahi mun rufe ta. Wanga... ɗan abin da marigayiya tab bari na. Gado na muka rabo tsakanin ɗiyanta."

Mutuminmu ya share hawaye da bayan hannu, ya juya baya, ya duƙa ya kafa kafaɗa a jikin mota.

"Allahu akbar, ashe ta bar wani abu! Aza mini nawa, Shugaba. Ni ma ɗanta na, kuma ni kaɗai niy yi mata kuka."